Yarinyar Wajen Gogo Jima

Tama, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Lurwanu, a Madawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan Tama lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat. Bashiru ya yi tari amma ya warke. Sufyanu ya fara tafiya, ba shi barin komai a ƙasa sai ya kai baki. Uban yara shina Abijan har yanzu.

To gaisuwa ta ƙare. Na hau tudu neman rezon waya na kira ka har ƙafata ta gaji, ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na ari bik na rubutu na yago takarda daga kayen karatun Bashiru, don ka karanta da idonka, kada gobe ka ce ba ka ji ba.

Yaya Lurwanu, ban taɓa roƙonka komai ba. Kakarka da kakana ciki ɗaya sunka fito, amma tun da ka samu aikin biro, ofishin nan naku, ban taɓa tsayawa ƙofarka ba. Yau ma ba roƙo na zo yi ba, tambaya ce.

Da kaka mutanen ƙungiyar da kake wa aiki sunka bi ƙauyuka da tablet suna rubuta yara. Sun ce likitoci za su zo Madawa kafin ruwa ya sauka, su ɗinke wa yaran da anka haifa da tsagaggen leɓe. An rubuta yarinyar wajen Gogo Jima, ƙanwar babana, can ƙasar Keita. An ɗauki hotonta, an auna ta, an ce ta shirya. Tun ranar yarinyar nan ba ta da zance sai na Madawa. Shekararta bakwai, ba ta zuwa lakwal karatu don yara suna kwaikwayon maganarta, ko ruwa za ta sha sai ta juya wa mutane baya.

Shekaranjiya sai ga saƙon Gogo ta bakin wani mai kabu-kabu. An karanta sunayen yaran da mota za ta ɗauka, a ƙofar mai gari, babu nata. Gogo ta tambayi dalili, anka ce a Madawa anka cire ta, wai mai tace sunaye ya ce babu ita. Na ce wane ne mai tace sunayen? Anka ce Lurwanu.

Babu ita? Yarinya tana cin tuwo, tana ɗebo ruwa, tana kiwon awakin Gogo, kai kana zaune cikin sanyin biro ka ce babu ita? Ka taɓa ganinta? Ka taɓa taka ƙauyen? Wallahi da na ji sunanka sai da na ce a sake faɗi. Da baƙo ne da na ce bai san mu ba.

Ka mayar da ita inda ka ciro ta. Wannan kaɗai ce maganata.

Ƙanwarka,
Rahila

Madawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Rahila, sarauniyar faɗa.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, madam tana gaishe ki. Na ji daɗin labarin Bashiru da Sufyanu, Allah ya raya su. Ki gaida surukarki, in kin yi waya da maigidanki Illa ki ce ina gaishe shi.

Wasiƙarki ta same ni a biro, na karanta a gaban abokan aiki har suka tambaye ni ko mutuwa aka yi, don yadda fuskata ta sake. Kin zage ni daga sama har ƙasa, kuma ko aikin da nake yi ba ki sani ba. Bari in gaya miki.

Ba ni ke zaɓar wanda za a yi wa aiki ba. Duk abin da masu anket, wato masu bin gidaje da tambayoyi, suka rubuta a ƙauyuka yana shigowa rumbun bayanai da ke ordinatar ɗinmu, wato kwamfuta, ni kuma aikina in duba ko gaskiya ne. Ina duba ko an rubuta mutum sau biyu, ko an bar gurbi babu komai, ko yaro ya girmi uwarsa, ko abin da aka faɗa a wannan gari ya ƙaryata na wancan. Kin san abin da nake tsinta? Akwai mai anket da rana ta yi masa zafi, ya zauna gindin iccen bedi a bakin titi ya ƙirƙiro ƙauye guda da yatsansa, har da mai gari. Akwai yaron da na gani da fuska ɗaya da suna uku. Likitocin nan ba za su iya yi wa kowa ba, kwanakinsu kaɗan ne. Duk yaron ƙarya da na bari ya wuce, gadon yaron gaskiya ya cinye. Don haka in kin ce ina tace sunaye, e, ina tacewa, kamar yadda kike tsince tsakuwa daga wake, kuma ba na jin kunyar haka.

Na buɗe bayanan gidanku a ordinatar. Illa, Rahila, Bashiru, Sufyanu. Maza biyu, babu mai tsagaggen leɓe. To ita yarinyar wajen Gogo Jima wace ce? Gogo Jima dangin babanki ce, ni ta wajen uwa muka haɗu da ke, ban taɓa shiga gidanta ba. Kin cika takarda gaba da baya da zagi, amma ba ki rubuta sunan yarinyar ba, ba ki rubuta sunan ƙauyen ba. Ordinatar ba ta san wata “yarinyar wajen Gogo” ba. A ƙasar Keita kaɗai yara nawa ne ke wajen wata Gogo?

In 'yar maƙwabta ce aka turo ki ki yi mata hanya don kina da ɗan'uwa a biro, ki fito ki faɗa. Ba ke ce ta fara ba. Tun da aka ji likitoci za su zo, dangin da ban taɓa sani ba sun fi waɗanda na sani. Shi ya sa ma na daina ɗaukar lambar da ban sani ba.

Ki aiko da suna, da sunan uba, da na uwa, da ƙauye. Ki yi sauri, ana gab da rufe sunayen. Zagin kuma ki ajiye sai mun haɗu.

Yayanki,
Lurwanu

Tama, ranar Asabar

Lurwanu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ka gaida madam ɗin taka, ita ba ta yi mini komai ba.

Wasiƙarka ta yi yawo. Direban da ka ba ya wuce da ita Buza, ta yi ta kwana cikin aljihun mota, sai da jandarma sunka tsayar da shi ya shiga neman takardu sannan ya gan ta. Duk kwanakin nan ina zaune ina cewa Lurwanu ya gyara, ashe kai kana can kana jiran in ba ka suna.

'Yar maƙwabta! Innalillahi. Karatun da ka yi a Yamai ya wanke maka kai har ka manta gidan da ka fito? Yarinyar da mace za ta rubuta takarda guda a kanta ta kasa kama sunanta, wace ce? Ko yaron goye na ƙasarmu ta Adar ya san amsar. Ka je gida ka ce wa Inna, uwarka da ta haife ka, ta kira maka sunan babban wanku, in ka isa. Ka ga ko ba ta jefe ka da muciya ba.

Ita ce ta fari. Ni na haife ta, a ɗakin Gogo, shekarar da kake Yamai. Da anka yaye ta Gogo ta riƙe ta, kamar yadda ake yi. Ga shi ka sa na rubuta da hannuna abin da ban taɓa faɗi da bakina ba. Ka ji daɗi?

Kana tinƙaho ka buɗe gidanmu ka ga maza biyu. Bari in gaya maka yadda anka yi maza biyun. Wani saurayi ya shigo da tablet, ina tsakar daka, surukata tana zaune kan tabarma tana ɓarar wake. Bai ma gama sallama ba ya ce, “Madam, ɗiya nawa gare ki?” A gaban uwar mijina! Na nuna mashi biyun da ke wasa gabana. Ya ce, “Su ke nan?” Surukata ta ɗago kai tana kallona. Mi kake so in ce? Na sunkuya na ci gaba da dakana. Ya danna abinshi ya fita, ko ruwan da anka kawo mashi bai sha ba.

Da ya juya ya tambayi tsohuwar da ke zaune, da ta lissafa mashi su duka har da wadda ke Keita, don ita kaka ce, bakinta a sake yake. Amma ina! Shina sauri. Ku kunka aiko shi, ku kunka koya mashi tambaya, sannan yau ni ce mai laifi?

Ƙauyen Gidan Mahamud ne. Sunan uba ka san shi, tunda ka rubuta shi a wasiƙarka ba kunya. Nata sunan kuwa ka neme shi cikin injinka, Gogo ta ba su shi tun da kaka. Kada ka sake tambayata.

Rahila

Madawa, ranar Talata

Rahila,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Wannan karon a hannun Alƙasim na ba da wasiƙar, abokin aikina ne, ba za ta kwana a mota ba.

Na same ta. Mubaraka Illa, shekara bakwai, Gidan Mahamud, uwa Rahila ta Tama, mai riƙo Jima. Ga hotonta a gabana, ta ja bakin hijabi za ta rufe baki wani ya riƙe mata hannu. Idanunki ne sak.

Kuma e, ni na jingine ta. Ba zan ɓoye ba. Ga yadda aka yi. A Keita an ce wannan yarinya 'yar Rahila ce ta Tama. A Tama Rahila da kanta ta ce 'ya'yanta biyu, maza. Maganganun biyu ba su haɗu ba. Duk lokacin da na ga yaro yana da'awar uwa, uwar kuma ba ta san da shi ba, abin da na saba gani shi ne mai anket ya ari sunan wata mata ya liƙa wa yaron da ya ƙirƙira. Sai na sa mata alamar shakka na tura ta gefe. Da yau za a sake kawo mini irin wannan, ban san ku ba, haka zan sake yi.

Kina cewa me zan so ki ce? Ki ce uku! Kalma ɗaya ce, Rahila. Ba a ce ki rungume ta a kasuwa ba. An zo rubuta yara don a yi musu magani, kin san da haka, an yi shela a masallaci. Kin san kina da yarinyar da ta fi kowa bukatar a rubuta ta. Kika duƙa kika ci gaba da daka. Kunya kika zaɓa a kan bakin 'yarki, yanzu kuma kina neman wanda za ki ɗora wa.

Kuma bari in faɗi abin da ke raina, tunda ke ma ba ki rage mini komai ba. Na san kunyar ɗan fari, a gidan na tashi. Amma na zo Tama sunan Bashiru, na kwana, na ci, na sha, babu wanda ya ce mini akwai wata babba a Keita. Ba ke ba, ba Illa ba, ba kowa ba. Da leɓenta lafiya yake, da haka za a binne zancenta? Anya kunyar al'ada ce kaɗai, ko kuwa kunyar fuskarta ce ta sa aka kai ta inda ba mai gani? Ki tambayi kanki.

Ga abin da ya rage. Wanda aka jingine ba ya komawa sai an tabbatar da shi. Ƙa'idar ita ce uwar ta faɗa da bakinta, a ɗauki muryarta a tablet: sunanta, sunan yarinyar, cewa ita ta haife ta, kuma ta yarda a yi mata aiki. Da Illa yana gida da shi zai yi. Ba ya nan, sai ke. Alƙasim da ya kawo miki takardar nan shi ne mai ɗaukar muryar. Ki karanta, ki faɗa masa, ya dawo da muryar yau. Abin ba zai kai tsawon dama fura ba.

Lurwanu

Tama, ranar Laraba

Lurwanu,

Na gaishe ka don Musulunci. Lafiya muke, in ka damu ka sani.

Kunyar fuskarta! Kai, Lurwanu, Allah ya isa tsakanina da wannan magana taka. A tsaye na karanta ta. Kai da ba ka san ta a duniya ba sai jiya, daga hoto, kai ne za ka gaya mini abin da ke zuciyata?

Kana ina ranar da anka haife ta, mata sunka cika ɗaki suna leƙawa suna fita suna salati? Ba ta iya kama nono. Duk abin da ta tsotsa ta hanci yake fitowa. Ni ke tatsa cikin ƙwarya ina ɗiga mata da cokali, ɗigo ɗigo, har hannuna ya ƙage. Wata tsohuwa ta ce a bar ta, irinsu ba su daɗewa. Ban yi magana ba don ba ni da bakin magana a kanta, amma ban ajiye cokalin ba. Ranar da Gogo ta goya ta ta tafi da ita, na shiga bayan rumbu na cusa zane a baki don kada a ji ni. Duk wanda za shi Keita sai na ba shi ƙulli, dabino ko ƙuli-ƙuli ko ɗan yadi, in ce a kai wa Gogo. Gogo ta san ba nata ba ne. Ba a gaya maka zancenta ranar sunan Bashiru ba don ba ka tambaya ba. Ka zo da takalmi mai ƙyalli, ka ci nama, ka duba agogo ka tafi.

Alƙasim ɗinka kuwa, ka san yadda ya zo? Ya fara biyawa wurin mai gari, mai gari ya haɗa shi da ɗan aike, ɗan aike ya kwaso 'yan kallo. Kafin in gama karanta zaginka tsakar gidanmu ta cika. Surukata tana nan, ƙannen mijina suna nan, har da liman da ya biyo hanya. Mutumin ya miƙo tablet dab da bakina ya ce, “Bismilla, madam, ki ɗaga murya.” Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sunan ya ƙi fitowa. Wata yarinya ta yi dariya. Surukata ta ji tausayina ta ce bari ita ta faɗa, ya ce ba a karɓar na kaka. Ya jira, ya jira, ya ce shina da wasu ƙauyuka gaba. Ya hau babur ya tafi.

To ga shi nan. Na kasa. Ka ƙara shi cikin laifina.

Amma kai yanzu ka sani. Ka gan ta, ka ga idanunta, na rubuta maka da hannuna cewa ni na haife ta. Mi ya rage? Yatsanka ya tura ta gefe, yatsanka ya dawo da ita. Wa zai gan ka? Ba ƙarya na ce ka yi ba, gaskiya ce na ce ka danna. In ka bari motar nan ta tashi ba ita, kada ka sake kirana ƙanwarka, kuma ko gawata ban yarda ka zo ba.

Rahila

Madawa, ranar Juma'a

Rahila,

Salamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ni ban tashi lafiya ba, kaina ke ciwo tun da takardarki ta zo.

Maganar fuska na janye ta. Sauran ban janye ba.

Kina tsammani ban gwada ba? Ordinatar ba ta buɗewa sai an saka muryar, haka aka gina ta, kuma ni na nemi a gina ta haka, don kada wani ya dawo da ɗan ƙanwarsa ta bayan gida. Yau ga ni ni ne mai ɗan ƙanwar. Na ɗauki wasiƙarki na kai wa shef, shugaban biro ɗinmu, na ce ga shaidar uwa a rubuce. Ya ce takarda kowa na iya rubutawa. Na ce masa ya saurara. Bayan maganarki na koma na buɗe duk yaran da na jingine saboda uwa ba ta ambace su ba, na jera su da shekarun ƙannensu. Rahila, kusan dukansu 'ya'yan fari ne. Sun fi ashirin. Ina zaune ina yabon kaina na kama ƙarya, ashe mu ne ba mu iya tambaya ba. Na ce a canza ƙa'ida a karɓi bakin kaka ko na mai riƙo. Ya ce canza ƙa'ida sai manyanmu na Yamai sun yarda, Yamai kuma sai bayan an gama wannan zagaye. Ya nuna mini allon da ke cewa bayananmu sun kai casa'in da takwas cikin ɗari wajen tsabta, ya ce kada in ɓata masa shi. Na ɗaga masa murya har aka fito daga sauran ɗakuna ana kallo. Ban sani ba ko zan kai ƙarshen wata a wurin nan, kuma wannan ba matsalarki ba ce.

Saboda haka ki daina cewa in danna. Babu abin dannawa. Ki zage ni har shekara ta zagayo, ba zai mayar da Mubaraka cikin motar nan ba. Muryarki ce kaɗai.

Ana rufewa ranar Litinin in an tashi daga aiki. Alƙasim ba zai sake zuwa Tama ba. Na aika wa Gogo Jima ta kawo yarinyar Buza, ki same su can ku shigo Madawa tare, don wanda aka tabbatar a ƙurarren lokaci sai likita ya gan shi ido da ido. A biro akwai ƙaramin ɗaki mai ƙofa. Babu surukarki, babu liman, ni ma zan bar ginin in ganina zai hana ki. Daga ke sai Alƙasim sai ita.

Kin ce kin riƙe cokali lokacin da aka ce ki ajiye. To yanzu ki zo. In ba ki zo ba, ni ma kada ki sake kirana Yaya.

Lurwanu

Madawa, ranar Alhamis

Lurwanu,

Salamu alaikum. Ina Madawa, tsakar gidan likita, tare da matan da sunka kawo yara. An nuna mini unguwarku, an ce gidanka bayan tasha yake. Ba ni zuwa. Kada ka aiko madam da abinci, mun zo da garinmu.

Lafiyar da za ka tambaya, an yi mata ɗinkin jiya da hantsi. Likitan ya ce ya yi kyau. Bakin ya kumbura, an liƙe shi da farin ƙyalle, sun ce kada ta yi magana sai an cire zare. Gogo tana gefenta tana kora ƙuda. Wannan ke nan, ka samu labarin da za ka saka cikin injinka.

Ka cika alkawari ba ka tsaya ba, don haka ba ka ga abin da ya faru a ɗakin nan naku ba. Ni kuwa ba ni barin ka zauna lafiya ba ka sani ba.

Alƙasim ya rufe ƙofa. Ya zaunar da yarinyar kan kujera, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ya ce in fara. Na faɗi sunana. Na faɗi garinmu. Da na zo wurin sunanta, sai na juya na fuskanci bango, na ce a raina in ban ga kowa ba za ya fi sauƙi. Ya ce murya ba ta shiga, in juyo. Na juyo, ga ta tana kallona ta saman hijabi. Na rufe ido na faɗa. Ya ce bai fita sosai ba, in sake. Na sake da ƙarfi, har na ji shi ya bugi bango ya dawo mini. Na ce ni na haife ta, na yarda a yi mata aiki. Ba ni rubuta maka shi nan, abin da na faɗa a ɗakin ya isa. Ya danna, ya ce shi ke nan, ta koma cikin sunayen. Ya yi murmushi kamar ya ba ni kyauta.

Munka fito. Gogo ta tsaya gaida wata mata a bakin ƙofa, ni da ita munka yi gaba. Ban taɓa tafiya da ita mu biyu ba, ban san inda zan sa hannuna ba. Sai na ji an ja mini bakin zane. Ta sauke hijabin daga bakinta, abin da ba ta yi a gaban kowa, ta kira ni yadda ɗan fari ke kiran uwarshi, ta ce da muryar nan tata ta hanci, “Yaya, ashe kin san sunana?”

Kai, Lurwanu! Na tsaya tsakiyar rana kamar an dasa ni, har Gogo ta iso ta kama hannunta. Shekara bakwai ina ganin ta sani, ina ganin kowa ya sani ba sai an faɗa ba. Ban sani ba ko kai zan yi wa fushi, ko saurayin mai tablet, ko tsofaffin da sunka koya mini shiru, ko kaina. Tunda kai ne kusa, kai nike wa.

Yanzu bakinta a liƙe yake, amma duk inda na juya idonta shina kaina. Ranar da anka cire zaren za ta sake tambaya, na sani. Kai da ke gane gaskiya da ƙarya daga kan kujera, ka rubuto mini abin da zan ce mata.

Rahila